Sai na iya kodin kafin ƙirƙirarriyar basira ta taya ni aikin ofis?

Maman Hanif, Tudun Wada:

Assalamu alaikum. Ina aikin sakatariya a wata makarantar kuɗi a Tudun Wada, firamare da ƙaramar sakandare, da Islamiyya da yamma. Wasiƙun iyaye a wuyana suke, haka lissafin kuɗin makaranta, da haɗa sakamakon ƙarshen zango, da buga tambayoyin jarrabawa. Word na iya shi daidai gwargwado, Excel kuwa iyakata in cike akwatuna in tara da kalkuleta. Kwamfutar ofis tsohuwa ce, Office 2013 ne a kanta, wayata kuma Android ce. Mai makaranta ya ce in koyi aiki da ChatGPT da ire-irensa, sai wani ya ce min ba a iyawa sai an fara koyon kodin, har ya turo min tallar wani kwas na kuɗi. Don Allah masu sani, da gaske sai da kodin? In ba haka ba ne, ta ina zan fara, kuma wane aiki ne bai kamata in danƙa masa ba?

Ɗan Kawo:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Ba kya bukatar kodin ko layi ɗaya. Kodin na masu ƙera manhaja ne, ke kuwa amfani za ki yi da wadda aka riga aka ƙera, kuma da maganar yau da kullum ake ba ta umarni. Abin da ya sa ChatGPT ya bazu tun da kamfanin OpenAI ya sake shi a ƙarshen Nuwamban 2022 ke nan.

Fara da guda ɗaya tak. Akwai ChatGPT, akwai Gemini na Google, da Claude na Anthropic, da Copilot na Microsoft, da Meta AI da ke cikin WhatsApp. Duk suna da ɓangaren kyauta, kuma na kyautan ya ishi aikin da kika lissafa. In za ki sauke daga Play Store, duba sunan kamfanin da ke ƙarƙashin sunan manhajar: na ChatGPT ya zama OpenAI, na Gemini ya zama Google. Akwai na jabu birjik masu irin tambarin, da kin buɗe su nemi katin banki. A kwamfuta ba sai kin sauke komai ba, ki shiga chatgpt.com ko gemini.google.com da adireshinki na Gmail. Hira ta rubutu ba ta cin data sosai, hotuna da murya ne ke ci.

Abin da ya kamata ki riƙe tun farko shi ne yadda abin yake aiki. An horar da shi da tarin rubuce-rubuce, aikinsa kuma ya hasashi kalmar da ta fi dacewa ta biyo bayan wadda ta gabata. Shi ya sa ya ƙware a tsara magana, taƙaitawa, gyara rubutu da rubuta fomula. Shi ya sa kuma, in bai san abu ba, yakan ƙaga wanda ya yi kama da gaskiya ya faɗe shi babu ko ɗar. Gwada shi da abin da kika sani: ce masa ya jero ƙananan hukumomi 23 na jihar Kaduna, da shekarar da aka cire Katsina daga cikinta, wato 1987. Daga nan ki sauko kan ƙananan abubuwa, kamar unguwannin da ke kewaye da Kasuwar Bacci. Za ki lura cewa gwargwadon ƙanƙantar abu da ƙarancin rubutu a kansa a intanet, gwargwadon yadda yake fara lalube.

Sai umarni. Wanda ya je wa tela da yadi ya ce "ɗinka min kaya" ba tare da awo ba, kada ya yi ƙorafin abin da ya karɓa. In kika rubuta "rubuta min wasiƙar kuɗin makaranta" za ki samu doguwar wasiƙa mai kama da ta makarantar Amurka. Ga yadda ya fi:

"Ni sakatariyar makarantar firamare ce a Kaduna. Rubuta wasiƙa zuwa ga iyayen da ba su kammala biyan kuɗin zango na biyu ba. Kada ta wuce kalma 120. A yi magana da ladabi, babu barazana. A ambaci cewa ana iya biya kashi biyu, kuma a kawo rasit ofis. Bar gurbi a wajen sunan ɗalibi, aji, adadin kuɗi da ranar ƙarshe. Kada ka ƙara wani sharaɗi da ban faɗa ba. In akwai abin da kake bukatar sani, tambaye ni kafin ka rubuta."

Jimloli biyun ƙarshe su ne masu hana shi ƙirƙiro tarar makara ko lambar asusun da babu ita. Kuma kada ki tsaya a amsar farko. Ce masa "rage sakin layi na biyu", "sassauta harshen", "cire gaisuwar nan". Kowane sabon aiki ki buɗe masa sabuwar hira, domin in hira ta yi tsawo yakan manta sharuɗɗan farko, ko ya cakuɗa wasiƙar iyaye da tambayoyin jarrabawa. Umarnin da ya yi miki aiki ki adana shi a fayil ɗin Word, zango mai zuwa kwafa kawai za ki yi. A ganina ki riƙa ba shi umarni da Turanci in kin iya, ya fi ganewa.

Malamin Lissafi, Malali:

Malama, inda za ki fi cin riba Excel ne, amma da sharaɗi guda: kada ki sa shi ya tara miki maki ko kuɗi a cikin hira. Tunda hasashen kalma yake yi, yana iya tara lambobi arba'in ya kuskure ɗaya, kuma ba za ki gani ba. Ki sa shi ya rubuta fomula, Excel ya yi lissafin.

Ki tsara shafin kafin ki tambaye shi. Layi na 1 na kanun bayanai ne. A lambar ɗalibi, B suna, C gwaji na farko maki 20, D gwaji na biyu maki 20, E jarrabawa maki 60, F jimilla, G daraja, H matsayi. In ɗalibai 40 ne, za su kama daga layi na 2 zuwa na 41. Wannan bayanin za ki rubuta masa kamar yadda yake, ki ƙara da cewa Excel 2013 kike amfani da shi. Wannan ƙarin yana da muhimmanci, domin in ba ki faɗa ba zai iya ba ki IFS ko XLOOKUP, waɗanda babu su a 2013, sai akwatin ya nuna #NAME? ki ɗauka ke kika yi kuskure.

Abin da ya kamata ya ba ki a F2 shi ne =SUM(C2:E2). A G2, in makarantarku na bin irin rabon darajar WAEC, A1 daga 75, B2 daga 70, B3 daga 65, C4 daga 60, C5 daga 55, C6 daga 50, D7 daga 45, E8 daga 40, abin da ya gaza haka F9, zai ba ki wannan:

=IF(F2>=75,"A1",IF(F2>=70,"B2",IF(F2>=65,"B3",IF(F2>=60,"C4",IF(F2>=55,"C5",IF(F2>=50,"C6",IF(F2>=45,"D7",IF(F2>=40,"E8","F9"))))))))

Ba sai kin haddace ba, amma ki ba shi iyakokin makin da kanki. In kika bar shi ya zaɓa, zai iya kawo tsarin da A ke farawa daga 90. A H2 kuma =RANK(F2,$F$2:$F$41,0). Lura da alamun dalar nan. Su ke ɗaure zangon lissafin kada ya motsa lokacin da kika ja fomular ƙasa. In babu su, layi na 3 zai gwada ɗalibi da F3 zuwa F42, layi na 4 da F4 zuwa F43, a ƙarshe ki ga na ɗaya sun kai biyar a aji guda. Ki kuma sani cewa in biyu suka yi kunnen doki a matsayi na 2, RANK zai tsallake na 3 ya ba mai bi musu na 4. In ba haka kuke yi ba, gaya masa ya canja.

Kafin ki zuba makin gaske, gwada da na ƙarya a kan iyaka: 39, 40, 74, 75 da 100. In 40 ya ba da F9, ko 75 ya ba da B2, an manta da alamar daidai (=) a fomular. Sai ki gwada ɗalibin da bai zauna jarrabawa ba. In kika rubuta ABS a akwatin E, SUM zai tsallake shi shiru, yaro ya fito da F9 kamar ya faɗi, alhali jinya yake yi. Ce masa ya gyara G da H su nuna ABS in E ba lamba ba ce.

Kuɗin makaranta kuma shafi biyu za ki yi. Na farko duk biyan da aka yi: rana, lambar ɗalibi, adadi, lambar rasit, kowane biya layinsa. Na biyu jerin ɗalibai da abin da ake bin kowa, sai SUMIF ya tattaro abin da kowane ya biya, a debe a ga saura. Ki haɗa su da lambar ɗalibi, kada ki haɗa da suna. Yaro ɗaya ne za a rubuta Muhammad yau, Mohammed gobe, Muh'd jibi, Excel kuwa mutum uku yake gani, sai a bi uba bashin da ya riga ya biya. Adadin kuɗi ki rubuta shi lamba zalla, 25000, ba 25k ko N25,000 ba. In kin ga lamba ta kwanta hagu a akwati, wani lokaci da ɗan kore a kusurwa, Excel ya ɗauke ta rubutu ne, ba zai tara ta ba. Lambobin wayar iyaye kuma ki mayar da layinsu "Text" kafin ki shigar, in ba haka ba sifirin farko zai ɓace.

Duk saƙon kuskuren da ya fito, #VALUE! ne ko #REF!, ki kwafa shi tare da fomular ki ba shi, ki ce ya yi miki bayani ɓangare-ɓangare. Ta nan ake koyon Excel ɗin kansa. Da wannan ya zauna, tambaye shi matakan Mail Merge a Word 2013. Wasiƙa ɗaya za ki tsara, Word ya ciro suna da aji da bashin kowane ɗalibi daga Excel, ki buga ɗari biyu a zama guda.

Antin Barnawa:

Ƙanwata, duk abin da suka faɗa daidai ne, amma ki kula da abin da kike zubawa a ciki. Bayanan yaran mutane ne a hannunki. Abin da kika rubuta yana tafiya kwamfutocin kamfanin, kuma a ɓangaren kyauta ana iya amfani da hirar wajen ƙara horar da manhajar in ba ki kashe ba. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023, wadda hukumar NDPC ke kula da ita, ta shafi makarantu, kuma ta tanadi izinin iyaye kan bayanan yara.

Don haka cikakken sunan ɗalibi, ranar haihuwa, adireshi, hoto, bayanin lafiya, NIN, BVN, lambar asusu da jerin masu bashi, babu wanda zai shiga. Ba ya ma bukatarsu. Don ya rubuta fomula, tsarin shafin kawai yake so da layi uku na misali, ki sa Ɗalibi 1, Ɗalibi 2, Ɗalibi 3. A ChatGPT ki shiga "Settings", sannan "Data Controls", ki kashe wurin da ke cewa a inganta manhajar da hirarki. A Gemini ana kashe adana tarihin hira a saitinsa. Meta AI kuma, don yana cikin WhatsApp kada ki ɗauka sirrinsa ɗaya da hirarki da 'yar uwarki, abin da kika tura masa kamfanin Meta yake zuwa.

Mutane kan ɗauki hoton takardar makin da malami ya rubuta da hannu su ce ya mayar da ita tebur. Yana yi, amma ki naɗe gefen sunaye tukuna, lambobi kawai su fito. Ki ɗauka a wuri mai haske, takardar a miƙe, shafi ɗaya a lokaci guda. Yana rikita 1 da 7, da 0 da 6, kuma in malami ya soke maki ya rubuta wani a sama yakan ɗauki sokakken. Mafi muni shi ne ya tsallake layi, kowa ya ɗauki makin na ƙasa da shi. Ki ƙirga layukan, sannan ki karanta ɗaya bayan ɗaya wani yana bin takardar asali da yatsa. In rubutun malamin ya cika cakuɗewa, shigarwa da hannu ta fi sauri.

Maman Hanif, Tudun Wada:

Allah ya saka da alheri. Saura Hausa. Yawancin iyayenmu wasiƙar Hausa suke karantawa, kuma tambayoyin Islamiyya ma ni ke bugawa. Yana iyawa?

Malam Mai Fassara, Unguwar Sarki:

Yana iyawa, Hajiya, amma Hausarsa ba ta kai Turancinsa ba, domin rubutun Hausa da aka horar da shi da shi kaɗan ne in an gwada da na Turanci. A nan na saɓa wa Ɗan Kawo. Ga fomula, Turanci ya fi, na yarda. Ga wasiƙar iyaye kuwa, in kika sa ya rubuta da Turanci sannan ya fassara, za ki samu Hausar da kowace kalma daidai ce amma babu Bahaushen da ke magana haka. Hanyar da ta fi ita ce ki ɗauko tsofaffin wasiƙu biyu da kika rubuta da kanki waɗanda suka yi kyau, ki cire sunaye, ki liƙa masa su, ki ce ya bi wannan salon, da sallamar da rufewar. Ko kuma ki rubuta taki da Hausa yadda ta zo miki, ki ce ya gyara tsari da alamomin rubutu kawai, kada ya canja kalmominki.

In ya gama ki karanta a bayyane, kunne ya fi ido kama irin wannan kuskuren. Yana juya jinsi a tsakiyar jimla, ya fara da "ɗiyarku ta" ya ƙare da "ya biya". Yana sauka daga "ku" zuwa "ka", abin da ba a yi wa uba a wasiƙar makaranta. Yana zubar da ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ, sai taron tarbar baƙi ya koma na baki. A waya ki ƙara Hausa a harsunan Gboard don ki samu haruffan. Kwanan wata kuma ki sa ya rubuta sunan watan, kamar 3 ga Afrilu, domin 03/04 a tsarin Amurka 4 ga Maris ne.

Islamiyya kuwa, kada ki karɓi aya ko hadisi daga gare shi. Yakan haɗa rabin wata aya da rabin wata, ya ba da lambar sura da ba ita ba, ko ya jingina wa Bukhari maganar da ba ta cikinsa, kuma duk da wasulla tsaf yadda ba za ki yi zargi ba. Nassi daga Mus'hafi da littafin da malamin ke karantarwa za a ɗauko. Shi aikinsa ya jera lambobi, ya tsara shafi.

Tambayoyin boko ma malamin darasi ne zai sa hannu kafin a buga. Ki ba manhajar ainihin darasin da aka koyar, ki ce ta fitar da tambayoyi 20 daga cikinsa kaɗai, ajin firamare 4, da naira da sunayen gida. In ba haka ba za ki ga dala da dusar ƙanƙara. NotebookLM na Google ya dace da wannan, domin daga takardun da kika ɗora masa yake amsawa, yana kuma nuna wurin da ya ɗauko. A tambayoyin zaɓi, amsar daidai takan fi sauran tsawo, ko ta taru a harafi ɗaya, yara kuma suna saurin ganowa. Ce masa ya daidaita tsawon zaɓin ya warwatsa amsoshin tsakanin A zuwa D. Amsoshin lissafi kuwa malami ya warware su da biro, ɗaya bayan ɗaya.

Ɗan Kawo:

Na karɓi gyaran Malam kan wasiƙar Hausa. Batun kwas kuma, Hajiya, ki riƙe kuɗinki tukuna. Ki ɗauki mako biyu, rabin awa kullum, kina yin aikin ofis na gaske da shi: wasiƙu a kwanakin farko, sannan aji ɗaya a Excel, ki gwada sakamakonsa da wanda kika riga kika haɗa da kalkuleta a zangon da ya wuce. In sun zo ɗaya sai ki ƙara sauran azuzuwa. Biyan kuɗin wata na ChatGPT Plus ma bai taso ba sai in iyakar na kyauta ta fara tsayar miki da aiki. In daga baya kina son karatu mai tsari, shirin koyar da fasahar zamani na 3MTT da ma'aikatar sadarwa ta tarayya ta ƙaddamar a 2023 kyauta ne. Duk kwas ɗin da tallarsa ta fi ƙarfi kan kuɗin da za ki samu a wata, ki nemi jadawalin darussansa a rubuce kafin ki biya ko sisi.

Kwamfutar ofis ɗin ki duba Windows ɗin da ke kanta. In 7 ne, Chrome ya daina sabuntawa a kansa tun farkon 2023, ya tsaya a lamba 109, don haka wasu shafukan na iya ƙin buɗewa daidai. Sai ki yi hirar a waya ki tura wa kanki fomular ta imel. Ki liƙa ta kai tsaye a akwatin Excel, kada ki sake buga ta a Word, domin Word yana lanƙwasa alamun zance, Excel kuma miƙaƙƙu kaɗai yake karɓa. In ya ƙi fomular alhali komai daidai ne, duba saitin yankin kwamfutar, wasu waƙafi mai ɗigo (;) suke so a maimakon waƙafi (,). Gaya wa manhajar haka, za ta sake rubuta miki ita da shi.